Soson haɗa barbarar tumaki a Tawa: abin da kuɗina ya saya mini

Aikin wani likitan dabbobi ne mai zaman kansa a nan cikin garin Tawa. Yana zuwa har gida ya sa wa tumaki wani ɗan soso mai magani cikin al'aura, bayan sati biyu ya dawo ya cire ya yi musu allura, sai su nemi rago kusan rana ɗaya, su haihu kusan sati ɗaya. Ba zan kama sunansa ko na shagonsa ba, don akwai inda zan yaba masa, akwai inda raina ya ɓaci, kuma ba shi kaɗai ke wannan aiki a Nijar ba.

In faɗi hukuncina tun yanzu: aikin yana ci, kwalliya ta biya kuɗin sabulu, kuma zan sake yi. Amma lokaci kaɗai yake sayar wa mutum. Ba ya ƙara wa tunkiya ƙarfin da ba ta da shi. Na ji mata a unguwarmu sun fara cewa allurar tagwaye ce, abin da ya zaunar da ni rubutu ke nan, don wadda ta tafi da wannan tunani za ta zubar da kuɗinta, ta kuma iya rasa tunkiyarta.

Kiwon cikin gida nake yi, a bayan ɗakuna ƙarƙashin rumfar kara. Yawancin tumakina Balami ne, farare masu dogon kunne da lanƙwasasshen hanci, sai Uda biyu, gaba baƙi baya fari. Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne haihuwa a warwatse. Wannan ta haihu cikin ɗari, waccan ta haihu tsakiyar Afrilu, lokacin da ƙullin harawa ya fi ƙarfin aljihu, zafi ya hana dabba ci, nonon uwa ya ƙafe. Ɗan bazara ko ya rayu ba ya kama ƙafar ɗan kaka; in aka jera su bayan shekara ko yaro zai bambanta su. Ga kuma jinkiri bayan yaye: sai tunkiya ta yi wata biyu, wata uku tana cin dusa ba ta ko kalli rago ba. Ni dai so nake su haihu a Nuwamba, an ɗebe wake, harawa ta cika gari, iska ta fara sanyi. Cikin tunkiya wata 5 ne, kwana 150 ko ƙasa da haka kaɗan, ke nan barbara za ta faɗo tsakiyar Yuni, daidai lokacin da dabba ta fi rama a nan yankinmu na Adar, kuma da kanta ba ta cika neman rago ba. Nan soson ya shigo.

Zuwansa na farko ba da magani ya zo ba, ɗan littafi kawai ya riƙo. Na fito masa da tumaki 12, ya bi su ɗai-ɗai, yana buɗe baki ya ga haƙora, yana jan fatar ido ya ga ko akwai jini, yana taɓa hantsa, sannan ya ɗora tafin hannu a gadon baya, tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙugu, ya danna. Da ya zo kan babbar Balamin da na fi ji da ita, sai ya girgiza kai.

"Hajiya, wannan ba zan sa mata ba."

"Haba Likita, ai ita ce uwar garken. Ba ta taɓa fashin shekara ba."

"Kawo hannunki nan. Kin ji yadda ƙashin ke sukar hannu? Haihuwar ce ta cinye ta. In na sa mata za ta nemi rago, don magani zai tilasta ta, amma ko cikin ya ƙi zama, ko ya zauna ya kayar da ita a watan ƙarshe. Ki ba ta wata guda tana ci, in ta murmure mu yi magana."

Ya ƙi wasu biyu kuma. Ɗaya ba ta taɓa haihuwa ba, ya ce bututun manya zai ji mata ciwo. Ɗaya kuwa takan fita da garken unguwa, ya ce mai yiwuwa da ƙaramin ciki, soso a kanta asara ce. Saura 9. Kuɗin tumaki uku ke nan ya bari da hannunsa, kuma daga nan na yarda da shi. Likitan da ya karɓi duk abin da aka jawo masa bai taɓa bayan ko ɗaya ba, ku riƙe kuɗinku.

Sharaɗinsa biyu ne: tunkiya ta yi aƙalla wata 2 da haihuwa, kuma an yaye ɗanta. Bayan haihuwa mahaifa tana son wajen wata guda kafin ta koma yadda take. Sannan muddin ɗa yana tsotso dare da rana, tsotson yana danne saƙon da ƙwaƙwalwar uwa ke aika wa ma'ajiyar ƙwai, wato sinadaran homon da ke sa ƙwai ya nuna ya fito. Da an yaye, dannewar ta sake, in da abinci jiki ya koma bakin aikinsa. Tunkiya mai ƙoshi tana neman rago duk kwana 17, akuya duk kwana 21, kuma na tunkiya ba ya wuce kwana guda zuwa kwana da rabi. In ya wuce ba rago kusa, sai wani zagaye. Tumakin Turai tsawon yini ne ke buɗe musu lokacin barbara ya rufe. Namu ba haka suke ba. Farfesa Alhassane Yenikoye na Jami'ar Yamai ya yi nazarin tumakin Fulani na ƙasar nan tun shekarun 1980, ya nuna suna iya nema kusan duk shekara, sai dai akwai watannin rani da abin ke raguwa.

Shi soson an jiƙa shi ne da flugestone, sinadarin da aka ƙera ya yi aikin furojestaron, homon ɗin da ke riƙe ciki. Yana tsattsafowa kaɗan-kaɗan ya shiga jini, jikin tunkiya ya ɗauka ciki gare ta, ya dakatar da komai. Kwana 12 zuwa 14 yake yi. Ranar da aka zare, sinadarin ya sauka lokaci guda a jikin dukkansu, kowace ta tashi daga wuri ɗaya, allurar da ake yi a take, wani homon da ake kira PMSG ko eCG, ta zaburar da ma'ajiyar ƙwai. Dabarar ba ta yau ba ce: T. J. Robinson na Jami'ar Sidni a Ostareliya ya fito da ita a 1965, masu binciken noma na Faransa suka ɗauka suka yaɗa. Sunayen da aka fi gani a kwali su ne Chronogest da Syncro-part, kowane soso da miligiram 20 zuwa 40 na maganin, gwargwadon iri.

Ranar sawa da sassafe ya zo, shi da yaronsa. Soson fari ne, dunƙulalle, tsawonsa bai fi gaɓa biyu na yatsa ba, da zare a gindinsa. Yaron ya riƙe tunkiya a tsaye, ya matse wuyanta tsakanin cinyoyinsa. Likita ya sa safar hannu, ya goge mata baya da tsumma mai magani, ya cusa soson cikin wani bututun roba mai santsi, ya shafa masa mai, ya shigar a hankali yana ɗan ɗaga shi sama, ya tura da ƴar sanda, ya zaro bututun, zaren ya rage yana lilo a waje. Ko kuka ba ta yi ba. Ni bokitin da ke gefensa na zuba wa ido: duk wadda ya gama, sai ya tsoma bututun cikin ruwan magani ya wanke kafin ya taɓa ta gaba. Bai tsallake ko ɗaya ba, alhali bututu ɗaya mai datti ya isa ya raba wa garke duka ciwo. Matar ɗana, da tsohon cikinta, ta matso za ta miƙa masa kwalin, ya ce, "A'a ƙanwata, koma inuwa, mai juna biyu ba ta taɓa wannan."

Ya ce a riƙa duba zaren safe da yamma. Ɗaya daga cikin Udana ta wayi gari ba zare, muka tsinci soson cikin turɓaya. Na kira shi, ya ce kada a mayar da abin da ya faɗi ƙasa, a fitar da ita daga lissafi. Saura 8.

Sati biyun nan da biyun da suka gabace su, nan kuɗi ke tafiya, kuma masu zancen allurar tagwaye ba sa faɗin wannan. Maganin tsutsa ya ce a ba su tun kafin soso, kada a bari sai bayan barbara, don ƙwayar albendazol tana iya lahanta ɗan tayi a watan farko. Sai ƙarin abinci: harawa, dusar gero, angurya, ƴaƴan gawo da na tara tun rani, gishirin lasa, ruwa kuma kada ya yanke a kwano. Tunkiyar da jikinta ke hawa lokacin barbara ita ke sakin ƙwai mai kyau. Farashin harawa a Tawa cikin Mayu da Yuni kuwa ba sai na gaya wa mai kiwo ba.

Maganar rago ita ta fi ba ni wuya. A sake, rago ɗaya yana bin tumaki 30 ko fiye, don yau wannan ce gobe waccan. In kuwa duka suka taso rana ɗaya cikin zafi, Likita ya ce kada rago ya wuce tumaki 5. Ni ɗaya gare ni. Kuma a 2025 Layya ta faɗo farkon Yuni, kafin ranar cire soso: duk wani rago na kirki a unguwa ko an kai shi kasuwa ko an yanka. Ragon turka ma ba ya wannan aiki, kitse ya yi masa nauyi, hawa biyu ya kwanta yana haki. Abin da ya taimake ni shi ne hana fitar da dabbobi waje da gwamnati ta yi a watan Mayu na shekarar. Na tarar da raguna jingim a kasuwa, na sayi wani matashin Balami marar ƙiba tun kafin Salla. Likita ya taɓa marainansa ya ga sun yi daidai da juna ba kumburi, ya sa na tambayi mai shi ko ya yi zazzaɓi kwanan baya, don maniyyin rago yana ɗaukar wajen sati 7 kafin ya nuna, ciwon wata biyu baya yana iya bayyana yau.

A ranar cirewa muka samu saɓani. Mun yi da shi ƙarfe 7 na safe, bai iso ba sai bayan azahar, ya ce an kira shi ƙauye wajen saniyar da haihuwa ta zo mata da gardama. Uzuri ne, ban musa ba, amma waya ɗaya ba ta gagare shi ba. Kuma ba zaman jiran ne ya dame ni ba. Daga sa'ar da aka zare soso ake fara ƙirga awa 48 na sakin rago. Cirewar safe tana ba da barbarar safe, cikin sanyi-sanyi. Cirewar ƙarfe biyu ta jefa mu tsakar rana a watan Yuni, zafi ya haura digiri 40, rago ko kai ba ya ɗagawa, dole muka ja har la'asar sakaliya. Mai son yi ya kafe a kan safiya, ya kuma sa ranar cirewa a kwana na 13, don in likita ya makara a samu gobe.

Aikin hannunsa dai ba abin cewa. Ya ja zaren a hankali yana karkata shi ƙasa, soson ya fito ya yi ruwan ɗorawa, tare da wani farin ruwa mai wari. Hankalina ya tashi, ya ce haka yake yi, zai ɗauke da kansa, ya kuwa ɗauke kafin a kai ga rago. Ya tara sosunan a gwangwani ya ƙone a gabana don kada akuya ko kare ko yaro ya ɗauka. Sannan allura. Gari ce cikin ƴar kwalba, ruwanta daban, sai an zo yi ake haɗawa, in an haɗa kuma ba ta kwana. Sanyin digiri 2 zuwa 8 take so, ita kuwa daga Yamai take tahowa, kusan kilomita 550 ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni. Kafin in biya ko dala sai da na je shagonsa na ga firijin da idona: mai aiki da hasken rana ne, da ma'aunin sanyi a ciki. Gidana ma cikin ƴar kula ya kawo ta, ƙanƙarar ba ta gama narkewa ba. Allurar da zafi ya lalata ba ta canza kamanni a ido, shi ya sa mai saye ba shi da abin dubawa sai firijin.

Ma'auni 400 ya yi wa kowace, a tsoka. Ana yin 300 zuwa 600 gwargwadon girman tunkiya da lokacin shekara. Na tambaye shi ko ƙari yana kawo tagwaye. Ya ce, "Yana kawowa, Hajiya, har ƴan uku da ƴan huɗu, ƙanana, ba ƙarfin tsayuwa, ga uwa mai nono biyu. Ni ba na yi."

Akwai wata magana da ke yawo, wadda ta hana wasu ƙawayena kusantar aikin: wai allurar alade ce. Ban ɗauke ta da wasa ba, don ragunan nan Layya za a yi da su. Na tambaye shi kai tsaye, ya ɗauko takardar cikin kwalin ya karanta mini, na kuma bi sawun maganar da kaina. Ana yi wa aladu ita, wannan gaskiya ne, amma ba daga jikin alade take ba. A Turai da Amurka, inda gida ɗaya ke riƙe da dubban aladu, ana yaye ƴaƴa suna da sati 3 zuwa 4, uwar ta nemi namiji cikin kwana 4 zuwa 7, don ita ma tsotso ne ke danne mata homon. Masu jinkiri, galibi masu haihuwar fari ko waɗanda zafi da shayarwa suka ramar, su ake yi wa allura a lokacin yaye. Sananniya a cikinsu, PG 600, haɗi ce ta ma'auni 400 na eCG da 200 na hCG, wani homon da ake tacewa daga fitsarin mata masu ciki. Suna kuma da altrenogest, wanda ake ba su ta baki ya riƙe neman har ranar da ake so, aikin da soso ke yi wa tunkiya ke nan. Shi ya sa ake ganin sunan alade a takardar, a jere da saniya da tunkiya, yadda yake a ta maganin ƙwari na ivermectin. Akwai kuwa homon da ake cirowa daga wata ƴar ƙwaya a ƙarƙashin ƙwaƙwalwar alade da gaske, FSH, na aikin dashen ɗan tayi daga wata dabba zuwa wata. Ba shi ne wannan ba, amma ya kamata mai kiwo ya san da shi, ya riƙa sa a karanta masa kwali. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya kai wa malaminsa bayanin yadda yake.

Inda ita allurar eCG take fitowa ne ya fi tsaya mini a rai. Daga jinin goɗiya mai ciki ake tace ta. Wasu masana biyu a Kalifoniya, Cole da Hart, suka gano ta a 1930, kuma tana cikin jinin ne daga wajen kwana 40 na ciki zuwa wajen 120. Har yau akwai gonaki a Yurugwai da Ajantina da Aisilan inda ake ajiye goɗiyoyi don jininsu. A Aisilan ana ɗibar har lita 5 duk sati, sati 8 a jere, kuma ƙungiyoyin kare haƙƙin dabbobi na Jamus da Suwizalan sun fito da hotunan wahalar da ake ba su. Ni a gidan da aka riƙe doki na tashi. Mahaifina ba ya cin tuwon dare sai ya ga an zuba wa dokinsa dawa. Jin wannan bai yi mini daɗi ba, har yau bai yi ba, kuma yana cikin abin da ya sa na ƙudurta ba zan mai da allurar abin kowace haihuwa ba. Akwai dalilin jiki ma: in ana maimaita ta a kan dabba ɗaya, jiki yakan koyi yaƙar ta, ƙarfinta ya ragu. An fi ganin haka a awaki.

Barbarar da hannu muka yi ta kamar yadda ya tsara: a jawo tunkiya ɗaya gaban rago, in ya hau sosai a janye ta, a bar shi ya huta, a kawo ta gaba, bayan awa 12 a maimaita. Alamar ba ta ɓuya. Tunkiya tana kaɗa wutsiya, tana bin rago tana shinshinarsa, in ya matso ta tsaya cak. Cikin 8, 7 suka tsaya, ɗaya ta ƙi sam. Ya ce a mayar da rago cikinsu daga kwana 15, don wadda ba ta ɗauka ba za ta dawo a zagayenta. Guda ta dawo, ta kuma ɗauka a lokacin. Sauran 6 suka haihu tsakiyar Nuwamba cikin sati guda da ƴan kwanaki, uku tagwaye, uku ɗai-ɗai. Ɗaya daga cikin tagwayen ya zo ƙarami ƙwarai, bai rayu ba.

Ribar da ba a ƙirgawa da ƴaƴa ita ce sanin rana. Mafi yawan girman ɗan tayi a sati 6 na ƙarshe yake, kuma mai tagwaye in abinci ya gaza mata a nan sai ta daina ci, ta riƙa cizon haƙora, ta kwanta ta kasa tashi. Da yake na san ranar haihuwa, na san ranar fara ƙarin dusa, ta kuma faɗo Oktoba, ga ragowar ciyawar damana ga sabuwar harawa. Na shirya wurin haihuwa, na ga kowane ɗa ya sha dakashi a sa'o'in farko, wanda nonon uwarsa bai ishe shi ba na riƙe masa wata ya tsotsa, don dukkansu masu sabon nono ne. Riga-kafi tare, yaye tare, kasuwa tare. Sai dai mai lissafin Layya ya tuna: a mazhabarmu ta Malikiyya rago sai ya cika shekara ya shiga ta biyu, saboda haka ƴaƴan Nuwamba ba su isa Layyar da ke tafe ba, ta bayanta suke jira, lokacin sun kai shekara da rabi sun yi cikar da dillali ke so. Salla kuma tana matsowa da wajen kwana 11 duk shekara.

Jika 6 na biya a kan kowace tunkiya, soso da allura da zuwansa. Wadda sosonta ya faɗi ya cire mini kuɗin allurarta ba sai na roƙa ba. Abinci ya ci fiye da haka, ragon ma haka. Bayan makarar da na faɗa, ina da sauran ƙorafi. Komai da baki ya gaya mini, bai bar mini takarda ba, alhali aikin gaba ɗaya ranaku ne da sa'o'i. Ni na iya rubutu na rubuta a kalandar bango, to wadda ba ta iya ba fa? Ba shi da na'urar duba ciki, wadda daga wata ɗaya da rabi take nuna mai tagwaye, saboda haka dole na ciyar da duka kamar masu tagwaye. Sai da na tambaya kuma ya ce ba a yanka tunkiya da soso a jikinta, sai an cire an jira kwanakin da takardar maganin ta faɗa. Wannan shi ya kamata ya fara faɗi, ballantana ana gab da Salla. Maganin ma ba kullum yake da shi ba, sai ya tara tumaki da yawa yake aika a kawo, don babbar kwalba in aka fasa ta sai a ƙarar a ranar.

Wanda tumakinsa ke yini cikin garken unguwa da ragunan kowa, wannan aiki ba nasa ba ne, haka wanda ba zai iya ciyarwa wata guda a bazara ba. Akwai hanyar da ba a biyan ko dala, kuma Likitan da bakinsa ya koya mini ita: a ɗauke rago wata guda cur, a kai shi gidan da tumaki ba sa ganinsa ba sa jin warinsa, sannan a dawo da shi kwatsam. Da yawa sukan taso tsakanin kwana 18 zuwa 25. Haihuwar ba ta matsewa cikin sati ɗaya kamar ta soso, amma tana taruwa cikin wata.

Bana haka zan raba nawa. Uku da suka haifi tagwaye, wannan karon ba soso ba allura a kansu, zan yaye musu da wuri in bi da su ta hanyar ɓoye rago. Sauran zan haɗa da na maƙwabta biyu, mu raba kwalba ɗaya da ragunanmu huɗu, kuma mun riga mun gaya wa Likita ranar sawa da ranar cirewa da sa'arsu a rubuce muke so, kowace da kwafinta.